Ƙafar Barira Doguwa

Kwanan baya wani saurayi ya rako ƙanensa da jaki ya kayar. Ya tsaya a kaina da salula a hannu yana ɗaukar hoto har na gama ɗaure hannun yaron, sannan ya ce da abokinsa, ba ma a hankali ba, "Ashe ɗorin ke nan? Kara da tsumma? Ai ni ma sai in buɗe nawa." Na shiga tattara kayana. Bayana na ciwo, kuma na ji irin wannan magana har ta daina yi mini zafi. Amma tunda kun ce kara da tsumma ne, ku zauna in gaya muku abin da ke ƙarƙashin tsumman. In kun ji har yanzu kuna so, sai ku buɗe naku, Allah ya ba da sa'a.

Sunana Zuwaira, amma a Tanut in ka ce Zuwaira ba wanda zai nuna maka gidana, sai ka ce Inna mai ɗori. Gado ne. Mahaifina ya karɓa wajen mahaifinsa, kuma da an bi yadda aka saba, ɗaya daga cikin yayyena maza biyu ne zai karɓa. Babban in ya ga ƙashi ya leƙo ta fata sai amai, ƙaramin kuma ya bi motocin arewa, Agadas, daga nan Libiya, sai dai saƙon gaisuwa. Ni ce nake gida, ni ce ake kira in riƙe. Haka na shiga sana'ar nan, ba don an zaɓe ni ba.

Shekarun farko ban taɓa ƙashin mutum ba, riƙo kawai nake yi. Baba ya ja, ni in danne. Mutum ya yi ihu a kunnena, ya cije ni, ya zagi uwata, ni dai in danne. Ran kasuwa Baba yakan karɓo ƙafafun awaki wajen mahauta, ya karya su a cikin fatarsu, ya jefa a buhu, ya ce in sa hannu ba tare da na leƙa ba in gaya masa inda ta karye da yadda ta karye, a gicciye ne, ko a karkace, ko tsagewa ta yi a tsaye. In na faɗa daidai ba ya cewa kome. In na kuskure sai ya miƙo wata ƙafar. Na daɗe ina warin akuya har ƙawayena suka sa mini suna, wanda ba zan maimaita muku ba.

Akwai wani makiyayi da aka kawo mana daga wata kasuwar daji, ina budurwa lokacin. Raƙumi ya jefar da shi, wani mai ƙarfin hali ya ɗaure masa hannu da igiyar kaba, ya ja iya ƙarfinsa don kada ƙashi ya motsa. Ƙashi kuwa bai motsa ba, jini ma bai motsa ba. Da suka iso yatsun sun yi baƙi ƙirin. Baba ya kira ni ya ce in matso in shaƙa. Na shaƙa. Ya ce, "Riƙe wannan warin, kada ki manta shi." Sannan ya ce da ƴan uwan mutumin su wuce gidan likita yanzu-yanzu, wannan ya fi ƙarfin kara. Can aka yanke hannun daga gwiwa. Tun ranar, duk ɗorin da na yi sai na zura ɗan yatsana ƙarƙashin tsumma, in bai shiga ba in kwance in sake.

Karan ma ba kowane ba. Yankinmu na Damargu ƙasar gero ce, amma karan gero ba ya riƙe cinyar namiji, na dawa nake nema, daga Gangara ake kawo mini bayan girbi. A tsaga shi, a kankare bakin don yana yanka mutum, a jera a saƙa da zare kamar ɗan asabari daidai tsawon gaɓar. Tsumma tsohon zane ne da ya sha wanki har ya yi laushi, sabo yana cin fata. Auduga a ƙasa. Man shanu daga wajen Fulani, wanda ya kwana biyu ya fi. Sai rairayi. A rumfar da ke bayan ɗakina nake kwantar da masu karayar ƙafa, in tara rairayi gefe da gefe don ko barci ya kwashe mutum ƙafar ba za ta juya ba. Addu'ar da ake tofawa ba zan faɗa muku ba, ba don wani babban sirri ba ne, don dai na san ku, sai ku haddace ta ku ɗauka kun gama koyo. Ku dubi manyan yatsuna biyu yadda suka karkace, ko allura ba na iya riƙewa yanzu.

Masu zuwa kowa da irin nasa. Manomi tun kafin in taɓa shi ya fara salati da ƙarfi. Masu kabu-kabu, waɗanda yanzu su ne rabin aikina, tambayarsu ɗaya ce, yaushe za su koma kan babur, kuma rabin nasu ba nawa ba ne, in ƙashi ya huda fata ko ya dagargaje gidan likita nake tura su. Bafulatani kuwa ko ka murɗe masa ƙafa fuskarsa ba ta canzawa, balle in surukinsa ne ya rako shi. Na taɓa ɗora wa wani dattijonsu ƙwauri, ƙashi na ƙara a hannuna, shi yana tambayata ko an kawo kanwa kasuwar Tanut. Saboda irinsu Baba ya hana ni tambayar mutum ko yana jin zafi. Ya ce in danna inda ya karye, amma idona ya kasance a kan ɗaya ƙafar, lafiyayyar. Mutum na iya riƙe fuskarsa ya riƙe bakinsa, amma in zafi ya soke shi yatsun waccan ƙafar sai sun lanƙwashe. Da wannan nake sanin ko ƙashi ya haɗe, ko lokacin kwancewa ya yi.

Kwancewar nan tana da ƙa'ida a gidanmu, kowa ya san ta daga Falanko har Belbeji: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Dalilin a wajenmu mai sauƙi ne, wanda ya ɗaura shi ya san abin da ya bari a ciki. Amma mutane sun ƙara mata gishiri. Suna cewa in wani hannu ya kwance, ko na mai ƙafar ne da kansa, ƙafar ba za ta ƙara yin daidai ba, kuma babu mai ɗorin da zai sake taɓa ta. Ni ban taɓa faɗin haka ba, ban kuma taɓa ƙaryatawa ba, don maganar tana yi mini aiki. Ba don tsoron nan ba, da ranar da ruwan shuka ya sauka duk manomin da ke rumfata zai tsinke zare ya ɗau sungumi. Akwai wani ɗan kokowa daga Gangara da ya kwanta mini da karayar hannu daidai lokacin da ake kaɗa musu ganga bayan girbi. Ƙato ne, da yatsa biyu zai tsinke ɗorin. Yana jin ganga daga rumfa yana hawaye, amma bai taɓa zaren ba har na sallame shi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta babban farin nan da dabbobi suka ƙare. Ba a yi dawa ba, balle kara. Na fara zare na dangar gidanmu, daga baya na hau rufin rumfa, har mai wucewa a hanya yana ganin tukunyarmu, ko da yake babu abin gani a ciki. Man shanu sai labari, na koma man gyaɗa, shi ma ya ɓace. Aiki kuma ya ninka, don maza na hawa gawo su kakkaɓo wa awaki ƴaƴa su faɗo, wasu na zurfafa rijiya ƙasa ta rufto musu. Abin da ya fi ba ni tsoro, ƙashi ya daina haɗewa. Wani magidanci daga Falanko mai suna Habu ya kwanta mana da karayar cinya, wata ya mutu wani ya tsaya, shi ma ya mutu, in na taɓa sai in ji ƙasusuwan na yawo kamar ranar da aka kawo shi. Jikin da bai ci ba ba ya ɗinke ƙashi. Muka raba kununmu da shi, bai isa ba. Ƴan uwansa suka ɗauke shi a kan jaki, ban sake jin labarinsa ba, kuma ban tambaya ba. A shekarar ne hannun Baba ya fara rawa, ya koma riƙo, ni na koma ja.

Na ba ku duk wannan ne don ku san na ga ƙafafu iri-iri kafin a kawo mini ta Barira, kuma ita ce ta fi gajiyar da ni.

Mahaifinta, Malam Lawali, mai awon hatsi ne a Belbeji. Baba ne ya ɗora masa cinya yana yaro, shi ya sa da aka kira shi daga Damagaram aka ce ƴarsa ta karye bai yi shawara da kowa ba, ya je ya ɗauko ta ya kawo mini. Da aka sauke ta daga mota sai da na ɗaga kai na ƙara ɗagawa. Ban taɓa ganin mace mai tsawonta ba, tabarmar rumfata ba ta ishe ta ba sai da na haɗa biyu. Tana karatu a jami'a, shekararta ta ƙarshe, kuma tana buga wa makarantar ƙwallon kwando, abin da su ke kira baske. Ta yi tsalle ne ta sauka a kan ƙafar wata, idon sawun hagu ya juya. Ta zo da hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo, daga gidan likita, na ɗaga shi a rana na duba, na kuma taɓa da hannu, duka biyun abu ɗaya suka ce: ƙaramin ƙashin waje ya tsage dab da idon sawu, bai goce ba. Karaya mai sauƙi. Da manomiya ce da tuni na manta sunanta.

Yarinya ce mai ladabi, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Tana zaune ƙafa a miƙe tana tsaga mini kara, tana kallon duk wanda aka kawo, tana tambaya, me ya sa haka, me ya sa ba haka ba. Ni kuma tsufa ya sa ni surutu, na kuma daɗe ban sami mai tambaya ba, duk abin da ta nema sai in faɗa mata. Ta zo da ƙwallonta. Ta sa yaran unguwa suka rataya mata tsohon kwando mai ɓulallen gindi a reshen itacen bedi, daga zaune take jefawa su tsinto mata, tun safe har kaina ya yi ciwo. Da yamma ƙawayenta su kira ta a waya, ina jin ihunsu daga madafi. Sun ci wannan, sun ci wancan, har suka kai wasannin ƙarshe, irin waɗanda in aka cinye ka sau ɗaya ka tattara ka koma gida.

"Inna, in na gama karatu shi ke nan," ta ce da ni wata rana. "Tun ina sakandare nake buga abin nan, ba mu taɓa kaiwa nan ba sai bana. A Belbeji ko fili babu. Wannan ne na ƙarshe."

Na ce, "Ƙafar ma ita ce ta ƙarshe, ba a sayar da wata a kasuwa."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Da ranar wasan ta matso sai ta kira mahaifinta ya zo, ta ce a duba ta a gabansa. Na zaunar da ita a kan turmi, na sassauta tsumma ba tare da na cire karan ba, na zura yatsa na danna. Fuskarta ko gezau. Na juya ido wajen ƙafar dama, sai na ga babu yatsu, ta tura su cikin rairayi ta binne.

"Fito da ita," na ce.

"Inna, zafi ake yi, rairayin da sanyi."

"Fito da ita, Barira. Ni na koya miki wannan, ba za ki sayar mini da kayana ba."

Ta fito da ita. Na sake dannawa, yatsun suka dunƙule gaba ɗaya. Ƙashin ya kama, amma ɗanye ne, kamar tukunyar da aka gina ba a gasa ba. Zai ɗauki tafiya, ba zai ɗauki tsalle ba. Na mayar da tsumma na ɗaure, na ce sai an ga wani watan.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Malam Lawali ya ga irin kallon da take yi wa zaren, ya ce, "Barira, kin san ƙa'idar gidan nan. In kika sa hannu a ɗorin nan, ko kika bari wani ya sa, ban yafe miki ba." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba zan taɓa shi ba, Baba." Ya hau mota ya koma Belbeji hankalinsa kwance. Ni ma nawa a kwance yake.

Washegari da hantsi ina wankin tsumma maƙwabciyata ta leƙo ta ce ta ga baƙuwata a tasha. Na ce wace baƙuwa? Ta ce doguwar mana, wa ke ɓoye ta. Na yafa mayafi na ɗau sanda. Na same ta zaune a benci kusa da motar Damagaram, jaka a cinya, takalmin wasa ɗaya a ƙafar dama ɗaya a hannu. Ɗorina yana nan yadda na ɗaura shi, ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Ina zuwa?" na ce.

"Wasa, Inna. Gobe ne."

"Ubanki ya ce me?"

"Ya ce kada in kwance. Ban kwance ba."

"Da karan za ki yi tsallen?"

"In ba ki kwance ba, da shi zan yi. Zan yanka takalmin ya shiga."

Na dube ta na san za ta aikata. Ku da kuke cewa kara ne kawai, ku saurara. Kara in ya karye a jikin mutum tsagewa yake yi ya shiga nama. Idon sawun da ke ɗaure ba ya lanƙwasa, duk nauyin doguwar yarinyar nan sai ya hau sama, ƙwaurin ya ɓalle daidai inda karan ya ƙare, karayar da ta fi ta farko nesa ba kusa ba. In kwance a nan tasha in sake ta da ƙafa tsirara cikin mota a kan hanya mai ramuka, shi ma ba aiki ba ne. In aika wani kuma babu hali, don a Damagaram ko likita ne ya zo da almakashi ba za ta bari ya taɓa ba, maganar ubanta na kanta. Ƙa'idar da na daɗe ina tsare manoma da ita a rumfa, ga shi yarinya ta juya ta, ni aka tsare a tasha.

Na sa ta kira Malam Lawali ta miƙo mini wayar. Na gaya masa yadda ake ciki. Ya ce, "Inna, ke kika san ƙafa. Na bar ta a hannunki." Haka kowa ke cewa in yana so gobe ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Na aika gida aka ɗauko mini gwangwanin man shanu da carbina, na shiga mota. Hanyar Tanut zuwa Damagaram ba ta tsofaffi ba ce. Ƙafarta na kan cinyata har muka isa, duk ramin da muka faɗa sai in riƙe ta da hannu biyu.

Sai da muka je filin washegari na ga abin da ban taɓa tambaya ba duk zamanta a gidana. Ni duk zatona a kan rairayi suke yi, kamar kokowa, don duk wasan da na sani a Damargu a rairayi mutum ke faɗuwa. Siminti ne. Na taka shi da ƙafata, na buga da sandata, na ce innalillahi.

Wani saurayi mai suna Isufu, shi ke kula da ciwon ƴan wasan, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce likita ma cewa ya yi ta ƙara jira, shi ma ya faɗa mata a waya har ya gaji. Ashe dukanmu magana ɗaya muke yi mata, kowa daga nasa gefen. Muka shiga wani ɗaki, na yi bisimilla na kwance. Ƙafar ta rame, fatar tana saɓa. Na shafa man shanu na murza, kamar yadda ake yi wa duk ƙafar da za ta fita daga hannuna, sai Isufu ya ce a ladabce, "Inna, ki yi haƙuri, bandejin nan mai danƙo ne, ba zai kama a kan mai ba." Na karɓi sabulu na wanke man da na shafa da hannuna. Ya naɗa nasa farin, ya zagaya diddige, ya hau ya sauko, ni ina tsaye a kansa. Na nemi inda zan zura yatsa babu, ya nuna mini yadda su ke yi, ya danna farcen babban yatsa ya yi fari, ya saki jini ya dawo. Ɗauri mai kyau ne, ya riƙe gefe da gefe ya bar gaba da baya, abin da karana ba ya iya yi. Na sa masa albarka. Amma ni da shi mun san bandeji ba ya gasa ƙashi.

Na sa aka kira mai horar da su, wata mata mai ƙaramin jiki da babbar murya, na kafa sharaɗi ɗaya: in na ɗaga mayafina a fitar da ita, babu gardama. Matar ta ce ta ɗau alkawari. Barira ma ta ce ta yarda, tana ɗaure igiyar takalmi ba ta ɗago ba.

Wasan ban gane shi ba, ban kuma yi ƙoƙari ba. Ihu, usur, takalma na kuka a kan siminti. Ba a saka ta ba sai bayan hutun tsakiya, lokacin an yi musu nisa. Da ta miƙe sai fili ya ɗauka, "Doguwa! Doguwa!" Kowa na kallon sama inda ƙwallon yake, ni ina kallon ƙasa. Da farko ta yi wayo, duk tsallen da ta yi a kan dama take sauka. Ta jefa ya shiga, ta sake ya shiga. Wata mata kusa da ni da ban san ta ba ta rungume ni tana cewa sun kusa kamo su. Ba zan yi ƙarya ba, na ga yarinyar da ta kwanta a rumfata tana tsaga kara ta zama wata daban, ko iska ba ta taɓa ta. Daga nan ta manta da ƙafar, abin da nake tsoro ke nan. Ta tashi tare da wata ƙatuwa, ta fizge ƙwallon a sama, ta sauka a kan hagu ita kaɗai. Ba ta faɗi ba, fuskarta ba ta canza ba, ta ma ci gaba da gudu. Amma diddigen ya daina taɓa ƙasa. Na miƙe na ɗaga mayafi da hannu biyu.

Mai horarwar ta cika alkawari. Barira ta fito tana cewa ba kome, lafiyarta lau, saura kaɗan a tashi, don Allah a bar ta. Ta zauna a benci ba ta dubi inda nake ba. Aka ci gaba ba ita, aka cinye su. Isufu ya ce jefa ɗaya ya raba su da waɗancan.

Takalmin bai fita ba sai da aka yanka shi. Sabon hoto ya nuna tsagar ta buɗe, ƙashin ya ɗan zame. Likitan ya yi faɗa, yana da gaskiya, na tsaya na sha faɗan tare da ita. Suka yi iya nasu, daga baya ta dawo rumfata, wannan karon ba ƙwallo ba kiran ƙawaye, ta kwanta har damina ta yi nisa. Ya haɗe, amma idon sawun ya yi kauri, ba ya lanƙwasa har ƙarshe.

Yanzu malama ce a kolej a Belbeji, lissafi take koyarwa. Kullum da safe duk garin na ganinta tana jan ƙafar hagu zuwa makaranta, kuma kowa ya san a gidan wa aka ɗora ta. Ba wanda ke maganar siminti, ba wanda ke maganar tsalle. Cewa ake yi hannun Inna ya tsufa. Mutanen wancan gefen sun rage zuwa. Malam Lawali in mun haɗu yana gaishe ni, gajeruwar gaisuwa. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba, don sunan gidan nan ya girme ni kuma a hannuna ya sami tabo.

Ita kam tana zuwa. Duk lokacin ɗari ƙafar ke tashi, sai ta shigo motar ran kasuwa da man shanu a kwalba, ta zauna ta miƙo mini. Bara ina cikin murza mata na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Barira, tsakaninki da Allah, da za a maido miki ranar nan a tasha, za ki hau motar?"

Ta ƙura wa ƙafar ido, har na ɗauka kuka za ta yi. Sannan ta ce, "Inna, da za a maido, da roƙonki zan yi kada ki ɗaga mayafin nan. Jefa ɗaya ya rage."

Na ce ta gyara zama, na lakato mai na ci gaba da murza.